Daga Samaru zuwa Socimilko: ɓeranmu da aholotensu

Ranar da na bar Zariya, ma'aunin zafin da ke rataye a ɗakin ɓerayenmu na Samaru yana kan digiri 31 tun ƙarfe tara ba ta yi ba. Na rubuta lambar a bayan tikitina, domin ita ce silar tafiyar. An daɗe ana shawarar a kawo wata dabbar ruwa da ake kira aholote, a ajiye ta kusa da fararen ɓerayen da muke kiwo don gwaji, saboda ɗalibai masu nazarin warkewar rauni su riƙa gwama su biyun. Kafin a kashe ko kwabo, aka ce in je ƙasar Meziko in ga yadda masu ita suke riƙonta, in dawo in faɗa ko za ta zauna a Zazzau.

Dattijon da ke wanke mana keji ya karɓi hoton a hannuna, ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "Malam, ashe ƙadangaren ruwa za ka je gani?" Kusan kowa haka yake cewa. Amma ba ƙadangare ba ce. 'Yar'uwar kwaɗo ce, daga dangin da ake kira salamanda: fata mai laushi da santsi, babu ɓawo, babu farce, kuma a ruwa take saka ƙwai. Ba laifinsa ba ne da bai san ta ba, don duk Afirka kudu da Sahara babu salamanda ko ɗaya. Sai an haura can Maroko da Aljeriya da Tunisiya ake samun wasu irinsu.

A Kwangila na shiga mota, naira 3,000 zuwa Kawo. Tsakanin Zariya da Kaduna wajen kilomita 80 ne, mun wuce shingen bincike uku. Biyu ɗaga hannu kawai aka yi mana. A na uku, bayan Jaji, aka sa na buɗe jaka, jami'in ya ci karo da 'yan kwalabe huɗu na maganin auna ruwa, ya ɗaga ɗaya yana kallon rana ta cikinta.

"Yallaɓai, wannan fa?"

Na ɗiga biyar a ragowar ruwan leda na direba, ruwan ya sauya launi a gabansa. Ya yi dariya ya ce in gwada masa na rijiyar garinsu in na dawo.

Daga Rigasa jirgin ƙasa ya kai mu Idu, daga nan filin jirgin sama ba nisa. Bizar tun makonni kafin nan na karɓe ta a ofishin jakadancin Meziko da ke Abuja. Wanda ke da bizar Amurka ko Ingila ko ta Turai mai shiga ƙasashe da yawa, wato Shengen, wadda ba ta ƙare ba, ba ya buƙatar wata. Katin rigakafin shawara kuma kada ya bar aljihunka. Abuja zuwa Santambul awa shida da wani abu, sannan doguwar zuwa birnin Meziko, wajen awa 14 a sama ba sauka. A can aka raba ni da kilishina. Kare ne ya shinshino shi, kuma dokarsu ba ta yarda a shigo da nama irin wannan ba, don haka mai niyyar zuwa ya cinye nasa tun a Santambul.

Birnin Meziko yana kan tudu, mita 2,240 sama da teku, ya ninka tsayin Zariya fiye da sau uku. Kwana biyun farko hawa bene ɗaya sai na tsaya na huta. Agogonsu yana bayan namu da awa bakwai, alƙibla kuwa arewa maso gabas take. Na kama ɗaki a kudancin birnin kan peso 700 a kwana, peso shi ne kuɗinsu. Jirgin ƙarƙashin ƙasa peso 5 ne duk inda za ka, ƙaramin jirgin da ke tashi daga tashar Taskenya ya nufi Socimilko kuma peso 3. Abinci ne ke buƙatar lura, don suna yawan sa kitsen alade a wake da wani dafaffen ƙullin masara da suke naɗewa a ganye, sai ka tambaya kafin ka ci. Na zauna a kan kifi da ƙwai da wainar masararsu mai faɗi, wadda ake dafa masarar da farar ƙasa kafin a niƙa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne abin sha. Jan ruwan da ke cikin manyan kwalabe a kowane lungu zoɓo ne, zoɓonmu sak, kuma da yawansa daga Najeriya ake kai musu shi. Kusa da shi ga ruwan tsamiya. A kasuwa kuma ga soyayyar fara da barkono da lemon tsami, sai ka rantse a Tudun Wada kake.

Kafin in ga dabbar da idona, na gan ta a kuɗi. Takardar peso 50 da aka fitar a 2021 tana ɗauke da hotonta, kuma mutane da yawa ɓoye ta suke yi ba sa kashewa.

Rana ta uku na shiga kwale-kwale a Kuwemanko, wata tashar jiragen ruwa a Socimilko. Kuɗin awa na jirgin ne gaba ɗaya, ba na kowane mutum ba, saboda haka a nemi abokan tafiya a raba. Socimilko ragowar wani babban tafki ne da aka yi ɗaruruwan shekaru ana janye ruwansa har birni ya hau kansa. Abin da ya saura hanyoyin ruwa ne, tsawonsu in an haɗa ya haura kilomita 150, suna ratsa wasu lambuna da ake kira cinamfa. Mai lambu a bakin Kubanni ko Galma zai gane aikin nan take, sai dai a juye yake: mu muna jawo ruwa zuwa ga ƙasa, su kuwa sun ɗebo laka daga ƙarƙashin ruwa sun tara ta ta zama gona, suka dasa itatuwa a gefe don saiwa ta riƙe ta. Latas da alayyafo da furanni suke nomawa. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1987.

A nan kaɗai aholote ta rage a daji, tun da aka busar da tafkin Calko. Awa biyu muna yawo ban ga ko ɗaya ba, matuƙin kuma ya ce kada in wahalar da idona. Ƙidayar masanan babbar jami'ar ƙasar, UNAM, ta nuna kimanin 6,000 a kowace murabba'in kilomita a 1998, suka koma 100 a 2008, suka koma 36 a 2014. Dalilan a fili suke. Yawancin ruwan da ke shiga hanyoyin yanzu daga matatar ruwan datti yake fitowa. Sannan shekarun baya an zuba karfasa da wani kifi mai tonon laka da ake kira kaf, don jama'a su samu na miya, su kuwa suka hau cin ƙwai da 'ya'yan aholote. Karfasar nan tamu ce ta Afirka, na ji nauyin faɗin haka a cikin jirgin. Maganin da ake gwadawa mai sauƙi ne: a toshe bakin ƙaramar hanyar ruwa da katako da tsakuwa da ciyayi, ruwa ya tace ya wuce, kifi ya kasa shiga, manomin da ke wurin kuma ya daina fesa magani.

Sauran kwana huɗun a wani ɗakin kiwo na yi su, kuma nan ne aikin da ya kai ni. Abin da ya fara dukana da na shiga shi ne shiru da rashin wari. Wanda ya taɓa buɗe ɗakin ɓeraye da safe ya san warin fitsarin da ke tarbarsa da ƙarar ƙwaƙular keji. Nan kuwa sai ƙarar injin sanyaya ruwa. Na tsuguna gaban wani akwatin gilashi. Tana kwance a ƙasa, tsawonta kamar taƙi ɗaya, wajen santimita 23, baƙa-baƙa mai ɗigo-ɗigo, kai mai faɗi, idanu ƙanana marasa fatar rufewa. A kowane gefen kanta akwai reshe uku masu gashi-gashi kamar gashin tsuntsu, da su take shaƙar iskar da ke cikin ruwa; lokaci-lokaci sai ta kaɗa su sau ɗaya ta sake yin lamo. Yatsu huɗu a gaba, biyar a baya. Na yi minti goma ina kallo ba ta matsa ba. A minti goman nan ɓera ya zagaye kejinsa ya fi sau hamsin, ya ci, ya sha, ya yi kashi.

Baƙar ita ce launin asali. Fara mai jajayen rassan nan da ta cika intanet jikar waɗanda aka kai birnin Faris ce a 1864, guda 34, kuma yawancin na ɗakunan bincike na duniya daga zuriyarsu suka fito.

Sirrin siffarta shi ne ba ta gama girma irin na danginta. Ɗan kwaɗo yana fara rayuwa da jela a ruwa, daga baya ya zubar da ita ya hau tudu. Aholote takan balaga ta hayayyafa alhali tana nan da siffar yarinta. In aka ba ta sinadarin da ƙullin wuyan nan da ke kumbura ya zama maƙoƙo ke fitarwa, sai rassan su shanye ta fito tudu, amma ba a son haka, don kwananta yana raguwa, ƙarfin tofonta ma haka.

Duk bambancin kiwon su biyun daga zafin jini ya taso. Ɓera jikinsa na kan digiri 37 dare da rana, zuciyarsa na bugawa sau 500 zuwa 700 a minti, kuma da abinci yake hura wannan wutar. Mai nauyin giram 30 yana cin giram 4 zuwa 5 kullum, ya sha ruwa kamar cokalin shayi ɗaya, in robar ruwan ta toshe kwana ɗaya za ka tarar ya shanye ya yi tsuru-tsuru. Aholote zafin jikinta na ruwan da take ciki ne. Babba tana cin tana ɗaya ko biyu, sau biyu ko uku a mako, shi ke nan. Ba ta tauna, buɗe baki take yi farat ɗaya ta zuƙe abin da ke gabanta, shi ya sa ba a zuba mata ƙananan tsakuwa a ƙasan akwati: za ta haɗiye, hanji ya toshe. Ko yashi mai laushi ƙwarai, ko a bar gilashin haka nan. Ɓera kuwa haƙoransa na gaba ba sa daina tsawo, dole abincinsa ya zama mai tauri ko a jefa masa guntun katako, in ba haka ba su yi tsawon da zai hana shi ci.

Haihuwa ma haka. Ɓera tana ɗaukar ciki kwana 19 zuwa 21, ta haifi shida zuwa goma tsirara ido rufe, su buɗe ido wajen kwana 12 zuwa 14, a yaye su a kwana 21, a mako shida zuwa takwas su ma sun isa aure. Uwar kan iya sake ɗaukar ciki a cikin kwana ɗaya da haihuwa in namijin yana kejin, kuma in aka dame ta da taɓa jarirai a kwanakin farko tana iya cinye su. Aholote sai ta yi shekara ko fiye kafin ta balaga. Namiji yana ajiye ɗan ƙunshin maniyyinsa a ƙasan ruwa, macen ta bi ta ɗauka, sannan ta liƙa ƙwai ɗaya-ɗaya a jikin ganye, daga 100 har zuwa 1,000. Ana kwashe su daga wurin iyayen, su ƙyanƙyashe cikin mako biyu zuwa uku gwargwadon sanyin ruwan. Ɓera shekara biyu ya tsufa. Ita tana kai 10 zuwa 15.

Abin da mu ke yi da dusar katako, sau biyu a mako a zubar a sake, su da ruwa suke yinsa, kuma nasu ya fi wuya don dattin ba a ganinsa. Kashinta na zama amoniya a cikin ruwan da take shaƙa. Dole ma'auni ya nuna sifiri. Sabon akwati sai ya yi makonni da matatarsa tana aiki kafin a sa dabba, don ƙwayoyin da ke cinye amoniyar su zauna a cikin soson. Kowane mako a ɗebe kashi ɗaya cikin biyar na ruwan a zuba sabo wanda aka kashe wa kulorin, don kulorin yana ƙona rassan numfashin. Babba ɗaya a ba ta aƙalla lita 40. Ruwan kada ya riƙa gudu da ƙarfi. In ka ga rassan sun lanƙwasa gaba, bakin jelar ya naɗe, to tana cikin wahala. Ba a kama ta da hannu sai da roba ko raga mai laushi, saɓanin ɓera da muke ɗauka ta gindin wutsiya.

Sai zafi, wanda shi ne alƙalin maganar. Tana son digiri 16 zuwa 18. Daga 22 ta fara ƙin abinci. In ya wuce 24 ya daɗe, sai wani farin abu kamar auduga ya fito mata a rassa da fata, daga nan sai mutuwa. Ɓera ma ba ya son zafinmu, 20 zuwa 24 ya fi so, ba ya gumi, in zafin ya haura 30 haihuwa takan ragu, amma yana jurewa da fanka da taga a buɗe. Ita kuwa fanka ba ta isa ba.

A rana ta ƙarshe matar da ke kula da ƙananan ta jera mini robobi shida, kowace da kwanan wata a jiki. 'Ya'yan aholote in sun yi cunkoso ko yunwa suna cizge wa juna ƙafa, shi ya sa ake raba su bisa girma, kuma waɗannan duk waɗanda aka cizga ne. Ta farko jiya abin ya faru: babu ɓawon ciwo, wata siririyar fata ta riga ta lulluɓe dungun. Ta biyu, bayan mako guda da 'yan kwanaki, wani ɗan tudu fari ya kunno kamar tsiron wake. Shi masana ke kira bilastema, tarin ƙwayoyin jikin wurin ne da suka koma kamar na ɗan tayi. A ta huɗu tudun ya baje kamar bakin ludayi. A ta shida, wajen mako shida, ga yatsu huɗu cif, da ƙashi da tsoka da jijiya, tana taka ƙasa da su. Babba takan ɗauki watanni. Kuma ba ƙafa kaɗai ba, har jela da lakar ƙashin baya da wani sashe na zuciya. Abu uku ke hana tofon: in aka yanke jijiyar da ke kai saƙo wurin, in aka ɗinke cikakkiyar fata a kan dungun, ko in aka kashe ƙwayoyin garkuwar jiki masu share datti a kwanakin farko. A na ukun nan tabo take yi, irin na ɓera.

Wanda zai ce ai tsaka ma tana mayar da wutsiya, gaskiya ne, sai dai guringuntsi ne ke fitowa a madadin ƙashi, kuma ƙafa in ta tafi ta tafi. Farin ɓeranmu kuwa abin da yake iyawa kaɗan ne: kan yatsa yana dawowa in yankan bai wuce tushen farce ba, jaririn da bai kai mako ɗaya ba kuma zuciyarsa na iya gyara kanta, bayan nan ƙofar ta rufe. Saura duk tabo ne. Na daɗe ina koya wa ɗalibai cewa dabba mai zafin jini da ke yawo a ƙasa mai datti ba ta da lokacin jira, gara ta yi faci da sauri. A ɗakin nan aka tuna mini da wanda ya ɓata wannan lissafi, kuma ɗan Afirka ne: ɓera mai ƙaya, wanda gashin bayansa ke da tauri kamar na ƙaramar bushiya. A 2012 aka wallafa binciken da aka yi kan irinsa biyu na Kenya. Fatarsa na yagewa cikin sauƙi in maƙiyi ya cafke shi, ta dawo da gashinta ba tabo, hujin milimita 4 a kunne kuma ya cike har da guringuntsi. Akwai wani irinsa a wuraren duwatsu na arewacin Najeriya.

Dawowa ta Kankun, wani birni a gaɓar tekun Meziko, jirgin ya biyo, sauran hanyar barci ne.

Washegarin isowata Samaru na bi ruwanmu da ma'auni. Na rijiyar burtsatse yana fitowa a 27. Na tankin sama da azahar ya kai 35. Na randar da ke inuwa, wadda na sa rai a kanta, 23. Da hunturu randar za ta sauka inda ake so, amma hunturu wata uku ne, dabbar kuma shekara goma za ta yi. Ke nan sai injin sanyaya ruwa mai aiki dare da rana, da sola da batir na kansa, da wani injin a ajiye don ranar da na farko ya tsaya, ga takardun izini tunda tana cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta duniya kan cinikin namun daji ta sa wa ido. Ɗauke wuta na yini guda a watan Afrilu ya isa ya kashe duka. Haka na rubuta: kada a kawo ta sai an mallaki waɗannan, kuma ko an mallaka a fara gudanar da akwatin babu dabba har bazara ɗaya ta wuce ana rubuta zafinsa safe da yamma.

A shafi na biyu na nemi tarkon kama-da-rai guda ashirin, mu gwada duwatsun da ke kewaye da mu, mu fara da Kufena, da ƙuli-ƙuli a matsayin abin jan hankali. A ɗana da magariba, a duba kafin rana ta fito don kada zafi ya kashe abin da ya shiga. Safar hannu da takunkumi dole ne, saboda tarkon ba ya zaɓe, kuma ɓeran da ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, mai nonuwa da yawa, shi ma yana son ƙuli-ƙuli. Duk abin da aka kamo ɗakinsa daban, ba ya kusantar fararen. In an dace da mai ƙayar, ba a ɗaga shi ta wutsiya, don fatarta saɓulewa take yi kuma ita ba ta dawowa. A kora shi cikin kofi. Cikinsa wajen kwana 40 ne, 'ya'ya biyu ko uku, don haka tara su zai ɗauki lokaci.

Dattijon yana sauraro yana canza dusa. Ya ɗago wani tsohon namiji da muka huda wa kunne don shaida tun yana ɗan yaye, ya saita shi da hasken taga. Hujin yana nan a buɗe, gefensa ya yi fari ya yi tauri.

"To Malam," ya ce, "in wancan kunnensa cikewa yake yi, da me za mu riƙa gane su?"

Na ƙara tawadar shaida a jerin kayan da za a saya.